Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Duk Ƙwayoyin Jinin Suka Yi Haske?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dakta. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, ina karanta kimiyyar gwaje-gwajen asibiti a nan Kano. A bincikena na kammala karatu ina ƙirga fararen ƙwayoyin jini masu ɗauke da furotin CD4. Na zuba antibodi (furotin na garkuwar jiki da ke manne wa CD4) mai launi a jini, na kai na'ura, sai kusan duk ƙwayoyin suka yi haske, alhali an koya mana wani kaso ne kawai ke da shi. Antibodin ne ya lalace, ko hannuna ne? Daga wata ɗaliba, unguwar Gwale.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Kada ki yi saurin zubar da antibodin. Idan ya lalace, galibi dusashewa yake yi, ba ya haska kowa da kowa.

Kowace ƙwaya tana da furotin a bayan fatarta, kamar tsagar gado a fuska, da su ake gane asalinta. Duk farar ƙwayar jini tana da CD45. A cikin fararen akwai rukunin limfosait, wanda ya ƙunshi ƙwayoyin T da na B: ƙwayoyin T suna da CD3, na B suna da CD19, shi kuwa CD4 yana kan wani rukuni na ƙwayoyin T masu jagorantar garkuwar jiki, waɗanda ƙwayar cutar HIV ke kamawa. A wani taro a Faris a 1982 aka fara tsara waɗannan sunaye. Antibodin da ke hannunki kuma jikan aikin Georges Köhler da César Milstein ne, waɗanda a 1975 a Kambirij ta Ingila suka gano yadda za a riƙa samar da antibodi iri guda mai kama abu guda tak, har aka ba su kyautar Nobel a 1984. Kamfani ya liƙa masa rini, wataƙila FITC mai ba da kore idan shuɗin hasken leza ya doke shi, ko PE mai ruwan goro. Na'ura tana tura ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken, tana ƙirga masu ƙyalli.

To ga inda gizo ke saƙar: na'ura haske kawai take gani, ba ta san dalilinsa ba.

Abin da na fi zargi shi ne matattun ƙwayoyi. Idan ƙwaya ta mutu fatarta takan yage, ta sha duk antibodin da ya zo kusa da ita. Takardar kamfani za ta ce a ajiye jinin, wanda aka ɗiba a kwalba mai shunayyar murfi, a zafin ɗaki, wato digiri 20 zuwa 25. Wane ɗaki ne a Kano yake haka a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40? Jinin da ya bi rana a Adaidaita Sahu, ya kuma wuni a kan benci kusa da taga, ya riga ya jigata kafin ki taɓa shi. Ki yi aikinsa ranar da aka ɗiba. Idan akwai rinin tantance matattu, irin su 7-AAD, ki saka, ki ware su gefe.

Sannan shi antibodi yana da hannu biyu da jela. Da hannayen yake kama CD4, amma wasu ƙwayoyi, musamman monosait, wani nau'in manyan fararen ƙwayoyin jini, suna da makama da ke cafke jelar kowane antibodi. Shi ya sa ake fara zuba ɗan ruwan jini na siram don toshe makaman. Monosait ɗin ma tana da ɗan CD4 nata na gaske, don haka ki haɗa da antibodin CD3 mai launi daban, ki ƙirga waɗanda suka nuna launi biyun kawai. Ɗalibai da yawa kuma sukan ƙara awon antibodi don gudun kada ya yi kaɗan, shi ma hakan yana kawo hasken bogi. Ki gwada rabi, ki gwada rubu'i, ki wanke ƙwayoyin sau biyu.

Na fi matsa wa ɗalibaina a kan kwalabe biyu da ba su son ɓata jini a kansu. Ta farko jini ne zalla babu antibodi. Idan ita ma ta yi haske, an buɗe wa na'ura ido fiye da kima, sai a rage. Ta biyu ana zuba mata antibodi mai rini iri ɗaya da naki, amma wanda ba ya kama komai a jinin mutum. Duk hasken da ya fito a nan na bogi ne. Idan babu waɗannan biyun, ni ba na sa hannu a sakamako, ko na wane ne.

Ina tsanantawa ne domin gobe wannan lamba ta marar lafiya ce. Baligi mai lafiya yana da ƙwayoyin CD4 tsakanin 500 zuwa 1,500 a kowace maikurolita (kashi ɗaya cikin miliyan na lita) ta jini. Idan ta sauka ƙasa da 200 ga mai HIV, likita zai nemi tarin fuka da sanƙarau na fungas tun kafin su bayyana. Ma'aikacin da ya rubuta 600 a inda gaskiyar 150 ce ya sallami mutum gida da cuta a ɓoye.

Shi kuwa antibodin, ki ajiye shi a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, ki naɗe kwalbar kada haske ya ci rinin. Idan wuta ta ɗauke, kada ki jefa shi firiza don neman sanyi, daskarewa tana lalata PE. Kula mai ƙanƙara a gefe ta wadatar, muddin kwalbar ba ta jingina da ƙanƙarar ba.

Ki nemi sabon jini da safe, ki jera kwalabe huɗu: zalla, ta gwajin bogi, CD4 kaɗai, sai CD3 da CD4 tare. Idan kin ware limfosait, ki sa ran ganin kashi 30 zuwa 60 cikin ɗarinsu suna ɗauke da CD4 ga mai lafiya. Ki rubuto mana abin da kowace kwalba ta nuna.