Gigin Tsufa da Gwajin Magani: Amsoshin Likita

Tambaya daga wata baiwar Allah a Ƙofar Marusa, Katsina: Likita, mahaifiyata ta haura shekara 70, tana maimaita tambaya ɗaya sau biyar kafin azahar, kuma kwanaki ta ajiye carbinta a cikin tukunyar miya ta ce jikokinta ne suka ɗauke. Na ga a intanet ana neman masu ciwon mantuwa domin gwajin sabon magani. Shin in sanya sunanta?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka miki da alherin kula da ita. Kafin maganar gwaji, ki fara kai ta likita ya tantance abin da ke damunta, domin ba kowace mantuwa ce cutar Alzheimer, wato wani nau'in gigin tsufa, ba. Ƙarancin sinadarin B12, da matsalar maƙoƙo, da ciwon damuwa, da ƙananan shanyewar jiki da hawan jini ke haddasawa, duk suna kawo ruɗewa, kuma wasunsu ana maganinsu. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina wuri ne da za a fara. Idan za ku je, ki tafi da wanda ya fi kowa zama da ita, saboda shi zai faɗi yaushe abin ya fara.

Cutar da likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906 tana tafe da taruwar wasu sinadarai biyu, amiloyid da tau, waɗanda ke kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Maganin lecanemab da Amurka ta amince da shi a 2023 an gwada shi a kan mutum kusan 1,800 na tsawon wata 18, kuma abin da ya yi shi ne rage saurin lalacewar da kimanin kashi 27 cikin 100. Bai dawo wa kowa da abin da ya manta ba, a gwajin an riƙa ba da shi ta jijiya duk mako biyu, kuma wasu sun sami kumburi ko ɗigon jini a ƙwaƙwalwa. A irin wannan gwaji ana raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba rabi maganin, a ba sauran abin da ya yi kama da shi amma babu magani a ciki, kuma ku da likitan da ke duba ta ba za ku san ɓangaren da ta faɗa ba. Ni dai ba zan tura sunan mahaifiyata ga shafin da bai faɗi asibitin da ake aikin da likitan da ke jagorantarsa ba, balle wanda ya nemi kuɗin rajista.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Daura: Bayan abin da ya faru a Kano, ta yaya za mu sake yarda da masu gwajin magani?

Amsa: Malam, tsoronka yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kimanin 200 a Kano, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kuma sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar. A yau doka ta tanadi cewa sai kwamitin ɗa'ar bincike ya duba tsarin, hukumar NAFDAC kuma ta ba da izini, kafin a gwada magani a jikin ɗan Najeriya. Haƙƙinka ne a karanta maka takardar amincewa da Hausa, a faɗa maka illolin da ake tsammani da wanda zai biya kuɗin jinya idan an sami matsala, a kuma bar ka ka tafi da ita gida ka yi shawara. Kana iya janyewa ko da an yi nisa, ba tare da an hana ka kulawar asibiti ba. Idan dattijo ya kai matsayin da ba ya gane bayani, waliyyinsa ne ke sa hannu, amma ko a hakan, in ya janye hannunsa ya ƙi allura, ba a danne shi.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Ƙofar Ƙaura: Lafiyata ƙalau, amma mahaifina ya yi gigin tsufa kafin rasuwarsa. Ana ɗaukar irina? Kuma ana biya?

Amsa: Allah ya jiƙan Baba. Ana ɗauka, Alhaji, domin wani binciken babu magani a cikinsa, tambayoyi ne da awon jini da ake maimaitawa shekara bayan shekara. Irinsa aka fara a 1992 tsakanin dattawan Ibadan da baƙaƙen fatan Indiyanafolis ta Amurka, aka tarar cutar ta fi ƙaranci a Ibadan. Abin da ake bayarwa yawanci kuɗin mota ne da ɗan hasafin ɓata lokaci. Kafin irin wannan dama ta zo, ka riƙa auna hawan jininka da suga, domin su ne haɗarin da ke hannunka ka rage.