Tambayoyin Masu Karatu: Wanda aka haifa a waje zai iya mulkin Najeriya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan Illela ne, uwar 'ya'yana 'yar Ƙonni ce ta Jamhuriyar Nijar. Da cikin fari ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, can ta haihu. Ana ce mini yaron ba zai taɓa tsayawa takarar shugaban ƙasa ko gwamna ba, tunda ba a ƙasar Najeriya aka yanke cibiyarsa ba. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba haka ba ne, ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka. Sashe na 131 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya gindaya wa mai neman shugabancin ƙasa sharuɗɗa huɗu: ya zama ɗan ƙasa ta haihuwa, ya kai shekara 35 (da 40 ne, aka rage a 2018), wata jam'iyya ta tsayar da shi, ya kuma yi karatu aƙalla matakin sakandare ko daidai da shi. Sashe na 177 ya ɗora wa gwamna irin wannan sharaɗi na haihuwa.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne ɗaukar "ta haihuwa" a matsayin garin da aka haihu. Sashe na 25 ne ya fayyace ma'anarsa, kuma jini yake bi. Ƙaramin sashe na (1)(c) ya ce duk wanda aka haifa a wajen Najeriya, muddin ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Uwa ko uba, ɗaya ya wadatar. Ɗanka da yaron da aka haifa a Unguwar Kanwuri ta Sakkwato matsayinsu ɗaya a gaban doka. Akasin haka ma gaskiya ne: baƙo da matarsa baƙuwa su haihu a tsakiyar Sakkwato, in babu ɗan Najeriya a iyaye ko kakanni, wannan haihuwa ba ta ba yaron zama ɗan ƙasa.

Abin da ya rage maka hujja ce. Ka riƙe takardar haihuwar da aka bayar a Nijar, ka haɗa da fasfonka ko katinka na NIN, da takardar shaidar asali ta ƙaramar hukuma. Kada ka yarda wani ya ba ka shawarar a sake yi wa yaron takarda a rubuta Illela a matsayin mahaifa. Wannan dabara ce ke jawo wa mutane matsalar da da ba su da ita. Ranar da ya tsaya takara zai cike fom na hukumar zaɓe da rantsuwa, abokan hamayya kuma za su tono takardun biyu su ajiye gefe da gefe. Sashe na 137 ya haramta takara ga wanda ya miƙa wa hukumar zaɓe takardar jabu. Haihuwar Ƙonni ba ta hana shi komai, ƙaryar mahaifa kuwa tana iya kayar da shi.

Tambaya: Kakanmu ya tafi Makka a ƙasa ya zauna a Sudan, can aka haifi mahaifina, can aka haife ni. Yanzu na dawo Sakkwato wajen dangi. Ina matsayina?

Amsa: Taka ta fi ta farko sarƙaƙiya. Ga wanda aka haifa a cikin Najeriya bayan 1 ga Oktoba 1960, kaka ɗan ƙasa ya isa. Ga wanda aka haifa a waje, sashe na 25 iyaye kaɗai ya ambata. Wanda ba shi da abin dogaro sai kaka, sashe na 26 ya buɗe masa ƙofar rajista, amma ɗan ƙasa ta rajista ba ya zama shugaban ƙasa ko gwamna har abada. Sauran muƙamai ma, sashe na 307 ya ce sai ya shekara 10 da rajistar.

Saboda haka duk maganar ta koma kan mahaifinka. In za ka iya tabbatar da cewa shi ɗan Najeriya ne ta hanyar kakanka, kuma bai taɓa yin watsi da wannan matsayi a hukumance ba, to kai ma ka shiga sashe na 25(1)(c). Ka nemo tsohon fasfo, ko wata takarda daga ofishin jakadancin Najeriya, da shaidar hakimi ko dattawan dangi tun suna raye. Ka kai su wurin lauya ya duba kafin ka cike kowane fom, don wanda ya yi gaggawar neman rajista ya amsa da bakinsa cewa shi ba ɗan ƙasa ba ne ta haihuwa.

Tambaya: 'Yata a Amurka aka haife ta, tana da fasfo biyu. Na biyun zai hana ta tsayawa takarar shugaban ƙasa?

Amsa: Hajiya, sashe na 137(1)(a) ya hana wanda ya nemi zama ɗan wata ƙasa da son ransa, ko ya yi mata rantsuwar mubaya'a. Jaririya ba ta nemi komai ba, dokar can ce ta ba ta. Sashe na 28 kuma bai raba ɗan ƙasa ta haihuwa da matsayinsa don ya riƙe na wata ƙasa ba. Wanda ke cikin hatsarin shari'a shi ne baligin da ya je ya nema ya yi rantsuwa. Lauyoyi sun daɗe suna jayayya a kansa, tunda sashe na 137 ya jingina kansa da na 28, don haka mai burin siyasa ya yi tunani sosai kafin ya ɗaga hannu a gaban tutar wasu.

A can Amurka kuwa, tsarin mulkinsu na neman mai takarar shugaban ƙasa ya zama ɗan ƙasa tun haihuwa, mai shekara 35, wanda ya zauna a ƙasar shekara 14. In a Sakkwato 'yarki ta tashi, wannan sharaɗi na zama ne zai fara tare ta a can.