Ina kamfanin Hanna-Barbera ya shiga?

Tambaya: Malam, a ƙarshen tsofaffin katun irin su Scooby-Doo nakan ga an rubuta Hanna-Barbera. Su wane ne? Kuma me ya sa in ɗan katun ɗinsu yana gudu sai ya yi ta wuce kujera ɗaya?

Amsa: Amurkawa ne guda biyu, William Hanna da Joseph Barbera. Su suka ƙirƙiro Tom and Jerry a 1940, suna ma'aikatan kamfanin fina-finai na MGM. Da MGM ta rufe sashenta na katun a 1957, sai suka kafa nasu kamfanin, suka koma yi wa talabijin aiki.

Zancen kujerar nan, ƙarancin kuɗi ne ya jawo shi. Tom and Jerry na minti bakwai yakan ci kusan dala 35,000, amma shirinsu na farko a talabijin, Ruff and Reddy, kusan dala 3,000 aka ba su kan kowane minti biyar. Fim kuwa hoto 24 yake ci a daƙiƙa ɗaya. Sai suka rage zane. Kowane sashe na jiki ana zana shi daban a kan leda mai garai-garai: gangar jiki ta zauna cik, a riƙa sauya ledar kai, ido ko baki kawai. Shi ya sa za ka ga Yogi Bear, wani beyar a katun ɗinsu, da kwala da lakatayi alhali ba riga a jikinsa. Kwalar ce ke ɓoye mahaɗar kai da jiki. Hoton baya kuma dogo ɗaya ake zanawa, a yi ta maimaita shi, ga kujerarka nan tana dawowa.

Dabarar tana da aibi. In ledoji suka yi yawa a kan juna, launin ta ƙasa yakan dushe, sai hannun da ke motsi ya bambanta da jikin. Ba ta kai ta MGM kyau ba, gaskiya, amma da ita aka fitar da The Flintstones a 1960 da Scooby-Doo a 1969.

Taft Broadcasting, mai gidajen rediyo da talabijin, ya sayi kamfanin a 1966 kan dala miliyan 12. Kamfanin talabijin na Turner ya karɓe shi a 1991, ya buɗe tashar Cartoon Network a 1992 da tsofaffin katun ɗin. A 1996 Turner ya haɗe da Time Warner, mai kamfanin fina-finai na Warner Bros., sannan a 2001, shekarar da Hanna ya rasu, aka narkar da kamfanin cikin Warner Bros. Animation, wanda yanzu shi ke fitar da sababbin Scooby-Doo.