Lissafin kitso a kwamfuta: me ya sa GAP ke tsayawa cak?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin lissafi ne. Na gina rukunin kitso na Artin mai zare 4 a manhajar GAP, na tambaye ta ko kitso biyu daidai suke, sai kwamfutar ta yi ta aiki ba amsa. Ƙarfinta ne ya yi kaɗan?

Amsa: A'a, ko da za ka ƙara mata ma'adana, ba nan gizo ke saƙa ba. Rukunin da Emil Artin ya bayyana a 1925 ba shi da iyaka. Idan ka ba GAP haruffa da ƙa'idoji kawai, ba ta san kitso ba ne, sai ta kama hanyoyin da take bi wa kowane rukuni, kamar ƙidayar Todd da Coxeter. A rukuni marar iyaka wannan ƙidaya tana iya tafiya har ma'adana ta cika.

Akwai magani: a 1969 masanin lissafi Garside ya nuna yadda ake mayar da kowane kitso zuwa siffa guda tsayayya. Kitso biyu daidai suke idan siffarsu ta zo ɗaya, shi ke nan. Wata manhajar lissafi, SageMath (ko Sage), tana da wannan a shirye. Rubuta B = BraidGroup(4), sannan B([1,2,1]) == B([2,1,2]). Nan take za ta ce True. Lambar 1 tana nufin gitta zare na ɗaya da na biyu, -1 kuma warware gittawar, tufka da warwara ke nan. Don ganin siffar, yi amfani da left_normal_form(), don zane kuma plot().

Ga inda ake yawan tuntuɓe: Sage tana kiran haruffan s0, s1, s2, amma a jerin lambobi daga 1 ake farawa. B([1]) shi ne s0, ba s1 ba.

Kada kuma ka yanke hukunci da permutation() kaɗai. B([1,1]) yana mayar da kowane zare mazauninsa, amma zaren biyu suna nan a murɗe. Haka ma burau_matrix(), mai mayar da kitso zuwa jadawali: tana bambance komai a zare 3, amma Bigelow ya nuna a 1999 cewa daga zare 5 akan sami kitso daban-daban masu jadawali iri ɗaya. LKB_matrix() ba ta da wannan aibu, sai dai nauyi: zare 10 na ba da jadawali mai layi 45 da ginshiƙi 45.

Tambaya: Waya kawai gare ni, zan iya?

Amsa: Ƙwarai. Buɗe shafin SageMathCell a burauzar wayarka, ka liƙa umarnin, ka danna Evaluate. Mai Windows kuwa sai ya saka WSL tukuna, wato tsarin gudanar da Linux a cikin Windows, ya ɗora Sage a kai.