Malzamata tana sakin katako idan na matse

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni kafinta ne a kudancin Jidda, ina haɗa kabad da ƙofofi. Na sayi tsohuwar malzama, ƙarfen nan da muke damƙe katako da shi a jikin teburin aiki, a kasuwar gwanjo ta Sawarikh. Shuɗiya ce, an rubuta Record 52½ a fuskarta. Tana da ɗan hannun kulle kusa da sandar juyawa, idan na danna shi bakin yakan zame gaba ko baya ba sai na yi ta juyi ba. Yanzu da na fara matse katako sai in ji ƙas, ta saki. Wani abokin aikina ya ce in kai a yi wa hannun walda a huta. Me ka gani?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi wa sana'a albarka. Kada ka bari walda ta kusanci malzamar nan. Ka yi sa'ar kaya. Kamfanin C. & J. Hampton ne ya fito da ita a birnin Shafil na Ingila, faɗin bakinta inci 9, kuma an ƙera ta yadda za a kwance a gyara. Wannan ɗan hannun shi ne rabin darajarta, idan ka kashe shi ka mai da ita malzamar yayi.

Ka kwanto ta daga tebur, ka nemi mai kama maka don tana da nauyi, ka kifa ta. Kafin ka taɓa komai ɗauki hotonta da waya. Za ka ga sanduna biyu masu santsi a gefe, dogon sukuru a tsakiya, da wani siririn ƙarfe mai faɗi da ya bi tsawon sukurun. Abin da ke riƙe sukurun rabin noti ne kawai, ba cikakke ba. Idan ka danna hannun, siririn ƙarfen ya juya ya janye rabin notin daga haƙoran sukuru. Ka saki, sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfe mai dawowa da kansa, ya mai da shi mazauninsa. Dubi haƙoran da kyau: gefe ɗaya a tsaye yake, ɗayan a kishingiɗe. Gefen da ke tsaye shi ke ɗaukar nauyin matsi. To idan rabin notin bai zauna har ƙasa ba, bakin haƙoran kaɗai yake kamawa, da ƙarfi ya zo sai ya yi tsalle. Ƙarar da kake ji ke nan.

Datti ne ya fi hana rabin notin zama har ƙasa. Garin katako yakan haɗu da tsohon giris ya daskare a ramin notin kamar ƙanzo a gindin tukunya. Ga kuma damshin Bahar Maliya, wanda duk mai ajiye ƙarfe a Jidda ya san aikinsa. Kwance notocin da ke riƙe gidan rabin notin, ka fito da shi, ka jiƙa a kananzir ko dizal. Ka goge da buroshin waya, ka bi kowane haƙori da tsinken katako har ka ga ƙarfe fes. Haka za ka yi wa sukurun da sandunan. Ni ba na mayar da giris mai kauri, shi ke kiran ƙura. Ɗan mai mara kauri ya ishi sukuru da ramin notin, sandunan kuwa ka goga musu kyandir.

Bayan ka haɗa, gwada hannun. Ya kamata ya dawo da kansa da ƙarfi, ka ji ƙwas. Idan yana dawowa a sanyaye, sifirin ya saki. Yana nan a bayan hannun, ana iya ƙara masa murɗi kaɗan, in ya karye a sa wani mai girmansa. Ka riƙe shi da kyau lokacin kwancewa, yana iya fizgewa ya ji maka ciwo a yatsa.

Idan duk ka yi wannan tana ci gaba da saki, haƙoran rabin notin sun cinye, za ka gan su sun yi sulɓi sun kwanta. Sai a nemi wani, daga matacciyar malzama irinta ko wurin masu sayar da kayan gyaranta. Ka tafi da tsohon a hannu a gwada.

Sauran yana hannunka wajen aiki. Kada ka danna hannun kulle alhali katako na matse, fara sassauta sandar tukuna. Kada ka zura bututu a sandar don ƙarin ƙarfi, kada ka doke ta da guduma, domin jikinta ƙarfen zubi ne, tsagewa yake yi. Idan za ka damƙe katako a gefe ɗaya na bakin, sa guntu mai kaurinsa a ɗaya gefen don kada ta karkace. In kuma ka lura leɓen sama yana riga na ƙasa haɗuwa, kada ka kai masa magagari, haka aka yi ta don ta kama daidai idan an matse.