Gado ko Tarbiyya: Wane Gem Zan Saya?

Malam, barka da aiki. Na sayi PS4 na hannu, kuɗin da ya rage na gem ɗaya ne tak. Ni da abokina kullum musu muke a kan ko hali gado ne ko tarbiyya. Shi ya ce in nemi Metal Gear Solid, wani kuma ya ce Life is Strange 2. Wanne zan ɗauka?

Ɗan'uwa, abokinka bai yi ƙarya ba. Metal Gear Solid, wanda Hideo Kojima ya yi wa kamfanin Konami na Japan a 1998, kusan duk labarinsa a kan wannan musun naku yake. Yi haƙuri, zan ɗan tona maka ƙarshe. Solid Snake da Liquid Snake tagwaye ne da aka sarrafa a ɗakin gwaji daga ƙwayoyin halittar wani shahararren soja, Big Boss. Liquid ya tashi da ciwon cewa shi aka zuba wa tarkace, wato ƙwayoyin gado masu ɓuya waɗanda wasu ke rinjaya, ɗan'uwansa ya kwashe na kirki, wannan ƙullin ne ya cinye rayuwarsa. Sai bayan an gama komai, a wata hirar waya, ake jin ashe Liquid ɗin ne aka fifita, kuma wanda aka raina ne ya kayar da shi. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba. (Kada ka ɗauki kimiyyar cikinsa ka shiga da ita ɗakin jarrabawa, ƙwayar gado mai ɓuya ba ita ce maras kyau ba.) An sake fitar da shi a 2023 cikin tarin Master Collection.

Amma ni kuɗinka a kan Life is Strange 2 zan sa. Metal Gear zaunar da kai yake ya yi ta yi maka bayani, wani lokacin ka ajiye hannun gem ka ci abinci ba a gama magana ba. Life is Strange 2 kuwa yaro yake damƙa maka. Kamfanin Dontnod na Faransa ne ya yi shi, aka fitar da shi kashi biyar tsakanin 2018 da 2019. Kai ne Sean, ɗan shekara 16. Ɗan sanda ya harbe mahaifinku a Seattle ta Amurka, ka gudu da ƙanenka Daniel mai shekara 9 kuna neman Meziko. Daniel yana da wata baiwa ta motsa abu ba tare da ya taɓa ba, wannan ba kai ka ba shi ba, ba kuma za ka iya cire masa ba. Abin da zai yi da ita ne ke hannunka.

Tun a kashi na farko za ka shiga shagon gidan mai da yunwa da ƴan canji. Ka saci abinci, idon yaro na kanka, can gaba shi ma hannunsa zai fara ƙaiƙayi. Ka yi ashar, ka ji ta a bakinsa. Da kun isa iyaka za ka yanke shawarar miƙa wuya ko kutsawa, shi kuma ya bi ka ko ya ƙi, gwargwadon yadda ka rene shi tun daga farko. Ni karon farko na riƙa yi masa wa'azi ina sata a bayan idonsa, a zatona. Ban ji daɗin yaron da na samu ba.

An mayar da kashi na farko kyauta, saboda haka sauke shi ka gwada kafin ka biya. Sai kana jin Turanci sosai, kuma na manya ne, akwai harkar wiwi da soyayya a ciki.

Malam, ɗana mai shekara 11 ya dame ni in saya masa God of War, wai labarin uba da ɗa ne, zai koyi tarbiyya. In saya?

Hajiya, yaron nan ya iya talla. Gaskiya ne na 2018 labarin Kratos ne da ɗansa Atreus, har akwai wurin da yaron ya gano jinin da ya gada ya fara ɗaga kai, uban yana fama ya sauko da shi. Amma duba kwalin, akwai lamba 18 ko harafin M, alamar na manya ne. Sara ne da gatari, jini ko'ina, ga kuma gumakan tsoffin mutanen arewacin Turai tun daga farko har ƙarshe. Kada ki saya.

In akwai Nintendo Switch a gidan, Pokémon ya fi dacewa da shi. Kowace dabba a ciki tana zuwa da nata hali, iri 25 ne, da ƙarfin da aka haife ta da shi, sauran kuma sai mai ita ya horar. Zai ga biyu iri ɗaya sun bambanta saboda kiwo.

Malam, na gama The Witcher 3, Ciri ba ta dawo ba, amma a na abokina ta rayu. Faifan jabu aka sayar mini?

Faifanka lafiya lau, ɗan'uwa, renonka ne. Gem ɗin yana ƙirga wasu ƙananan abubuwa da Geralt, jarumin da kake sarrafawa, ya yi wa Ciri, ƴar riƙonsa. Bayan yaƙin Kaer Morhen, ka yi wasan jifa da ƙanƙara da ita ko ka ja ta shan giya? Ka bar ta ta shiga ganawa da matan nan masu sihiri ita kaɗai, ko ka manne mata? Ka raka ta kabarin Skjall, saurayin da ya taɓa taimakonta? Ka karɓi tukuici a hannun mahaifinta, sarki Emhyr, a gabanta? Kar ka sayi wani, nemi inda ka adana wasan kafin wannan yaƙi ka sake daga nan, kuma wannan karon in sarki Emhyr ya miƙo kuɗi ka ce masa a'a.