Ku Tambaya: Sai injiniya ne ke aikin tsaron makamashi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama digiri a fannin tattalin arziki, ina kuma sha'awar zama ƙwararriya a tsara manufofin tsaron makamashi da albarkatun ƙasa. Wasu sun ce mini sai wanda ya karanci injiniyancin mai ake ɗauka. Haka ne? Wai shin mene ne ma aikin?
Daga wata ɗaliba

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Masu faɗa miki haka sun cakuɗa aiki biyu ne. Injiniya ke haƙo mai. Mu kuwa tambayarmu ita ce: in gobe man nan ko gas ɗin nan ya daina zuwa, wa zai shiga uku, kuma kwana nawa za a iya jurewa?

Sana'ar ta samo ƙarfinta ne a watan Oktoba na 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka daina sayar wa Amurka da wasu ƙawayenta saboda goyon bayan Isra'ila. Cikin 'yan watanni farashin ganga ya ninka kusan sau huɗu. A 1974 aka kafa hukumar makamashi ta IEA a Paris, daga baya aka ɗora wa mambobinta masu sayen mai daga waje ajiye tanadin da ya kai na kwana 90. Masana tattalin arziki da lauyoyi da jami'an diflomasiyya ne ke zama kan irin wannan yarjejeniya.

Dubi kuma 2022. Kafin Rasha ta mamaye Ukraine, kusan kashi 40 cikin ɗari na gas ɗin da Tarayyar Turai ke shigowa da shi daga Rasha yake fitowa. Jamus, duk ƙarfin masana'antunta, ba ta da ko tasha ɗaya ta karɓar gas ɗin da ake kawowa a jirgin ruwa, sai a Disambar shekarar ta buɗe ta Wilhelmshaven cikin gaggawa. Matsalar ba ta fara daga bututun da ke kawo gas ɗin daga Rasha ba. Lissafin siyasar ne ya gaza, kuma gyara wannan lissafi shi ne abincinmu. Yanzu ma batun ya wuce mai: kusan kashi 70 na ma'adinin kobalt da ake haɗa batir da shi daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ake haƙo shi, mafi yawansa kuma a China ake tace shi.

Digirinki ya isa ki fara, amma kada ki raina ɓangaren fasaha. Na ga masu digiri na biyu da ba sa bambance megawat (ma'aunin ƙarfin lantarki) da megawat na awa (ma'aunin yawan lantarkin da aka samar ko aka sha), injiniyoyi kuwa ba sa sake sauraron irin wannan mutum. Ki iya karanta kwangilar rabon mai tsakanin gwamnati da kamfani, ki san yadda Norway ta kafa asusun ajiyar kuɗin mai a 1990, ki saba da rahotannin EITI, shirin ƙasa da ƙasa na fayyace kuɗin mai da ma'adinai, masu bayyana abin da kamfanoni suka biya da abin da gwamnatoci suka ce sun karɓa.

Abin da aka fi rasawa shi ne iya rubutu. Minista ba zai karanta shafi sittin ba. Ki zaɓi ƙasa ɗaya da makamashi ɗaya, ki rubuta shafi biyu kan inda take samunsa da abin da za ta yi in ya yanke. Wannan takardar za ki riƙa haɗawa da neman aiki a ma'aikatun gwamnati, hukumomin sa ido, bankunan raya ƙasa da cibiyoyin bincike.